Darar Turawa: yadda ake koya wa yara riƙe hannu

Duk wanda ya taɓa zama gindin bishiya yana kallon dara ya san mai gaggawa bai daɗewa cikin wasa. Haka abin yake ga darar Turawa, wadda masu Faransanci ke kira eshek. Gidajenta 64 ne, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 16, kuma malaman da ke koyar da yara sun san babbar wahalarsu: hannun yaro ya fi idonsa sauri.

Wasan yana da doka mai tsanani. In ka taɓa ɗan dara da niyya, dole shi za ka tura, in dai yana da inda za shi. In ka ajiye ka saki, magana ta ƙare. Ku ƴan kasuwa kun san irin wannan: bayan an ce "na sallama", ba a dawowa ciniki.

Shi ya sa wasu malamai ke sa yaro ya zauna kan hannuwansa, ko ya harɗe su baya, har sai ya amsa tambaya guda: mi abokin wasana ke nufi da abin da ya tura yanzu? Yara ba su son tambayar nan. Hankalinsu duk yana kan abin da za su ci, ba su ganin abin da za a ci musu. Bayan ta sai a ce ya nemo hanya biyu ko uku, ya auna su, kafin ya zaɓi ɗaya. Wannan dabara wani gwani ɗan Rasha, Alexander Kotov, ya bayyana ta cikin littafinsa. A dā ana sa yaro ya rubuta tafiyarsa kafin ya yi ta, amma hukumar duniya ta FIDE ta hana haka cikin gasa tun 2005. Wurin koyo a gida babu laifi.

Kada a ce ciwon yara ne kaɗai. A 2006, a birnin Bon na Jamus, zakaran duniya Vladimir Kramnik ya kara da kwamfuta mai suna Deep Fritz. Yana da isasshen lokaci, amma bai lura an ɗana wa sarkinsa tarko ba. Tafiya guda aka kashe shi.

Iyaye mata, ga inda aikinku yake. Wasan da yara ke yi cikin salula yawanci na minti 3 ko 5 ne, kuma shi ke saba musu da garaje. A manyan gasa kuwa, mutum na samun minti 90 don tafiya 40 na farko. In yaronku na son wasan, ku samo masa allo da ƴaƴan dara, ko da na kwali ne da marafan kwalba, ku zaunar da shi da wani babba marar gaggawa. Wasa ɗaya da maraice ya isa, a kuma tambaye shi dalilin kowace tafiya kafin ya ɗaga hannu.