RUWAN DA KE ƊIGA A ƘARƘASHIN MOTA

Sau da yawa mai mota yakan ajiye ta a bakin ofis ko kasuwa, ya dawo ya tarar ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashinta, hankalinsa ya tashi, ya garzaya wurin makaniki. Wani har akan karɓe masa kuɗi don gyaran abin da bai lalace ba. Wani kuwa ya taɓa jin an ce ɗigar ruwa ba kome ba ce, sai ya yi biris da yoyon da zai iya ƙone masa inji ko ya hana shi birki a kan hanya. An shirya wannan bayani ne domin jama'a su iya bambance waɗannan biyu.

Idan motar tana da iyakwandishan, wato na'urar sanyaya iska, kuma an yi tafiya da ita a kunne, to, galibi ruwan nan nata ne. Ba daga wani tanki yake fitowa ba, daga iska yake. Duk wanda ya taɓa ajiye kwalbar lemo mai sanyi a kan tebur ya ga yadda jikinta ke yin zufa, alhali kwalbar ba ta tsage ba. Dalili shi ne iska tana ɗauke da tururin ruwa wanda ido ba ya gani, kuma gwargwadon zafinta, gwargwadon abin da take iya ɗauka. Iska mai zafin digiri 30 a ma'aunin santigiret, wadda za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska, tana iya riƙe kamar giram 30 na ruwa. In ta yi sanyi zuwa digiri 5, ba ta iya riƙe fiye da giram 7. Ragowar tilas ta sauke shi. Haka raɓa ke kwanciya a kan ciyawa da asuba.

A bayan allon da ke gaban kujerun gaba akwai wani ƙarfe mai ƙananan ƙofofi kamar saƙar zuma, wanda gas ɗin na'urar ke sanyaya shi har ya kusa yin ƙanƙara. Fanka tana hura iska ta cikinsa, iskar ta yi sanyi, ta bar ruwanta a jikinsa. Ruwan ya taru, ya bi wani siririn tiyo na roba ya ɗiga ƙasa. Masu ƙera motar ne suka yi masa wannan hanya da gangan. Tun asali ma don rage laima aka ƙago na'urar: Willis Carrier ya tsara ta farko a 1902 saboda wata maɗaba'a a birnin New York na Amurka, inda laima ke sa takarda ta kumbura, launi ya ƙi zama daidai.

Tun 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, sitiyarin motocinmu yana hagu, saboda haka a yawancin motoci ruwan yana sauka ne ta wajen kujerar fasinja ta gaba, ko kusa da tsakiya. Yawansa kuma ya danganta da wuri da lokaci. A Legas, Fatakwal da Kalaba, inda laima ba ta yankewa, yakan kwanta har ya yi gudu. A Kano, Sakkwato ko Maiduguri da hunturu, da ƙyar a ga ɗigo, sai damina ta kama.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A shimfiɗa farar takarda inda yake ɗiga, a duba, a sansana, a murza da yatsa. Ruwan iyakwandishan garau yake, mai sanyi, ba wari, ba santsi. Fetur warinsa ke tona shi, kuma kada a kusance shi da taba ko ashana. Baƙin mai da launinsa ake gane shi. Man birki shi ne abin tsoro, domin sabonsa kusan garau yake, amma yana da santsi, kuma yakan fito kusa da taya ko ta ɓangaren direba. Wanda ya ga haka kada ya tuƙa motar ko taku ɗaya.

Inda aka fi ruɗewa shi ne ruwan lagireto. Wanda ke zuba ruwan magani na musamman zai gan shi kore ko ja, da ɗan ƙamshi mai zaƙi. Guba ne, a nesanta shi da yara da dabbobi. Amma direbobinmu da yawa ruwan famfo suke zubawa, abin da ba shi da kyau, domin yana jawo tsatsa, yana kuma ɓoye yoyo. Irin wannan ruwa yakan fito da ɗumi, da launin tsatsa, ta gaban inji, kuma yana ɗiga ko da iyakwandishan a kashe take. A lura da allurar zafi. Kada kuma a kuskura a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, tafasasshen ruwa zai iya feshe fuska.

Akwai lokacin da rashin ɗigar ne alamar matsala. In ana tsakar damina, na'ura tana aiki, ƙasa a bushe, amma shimfiɗar ƙafar fasinja ta jiƙe, ko wari irin na rumfar da ta sha ruwa yana fitowa, to, ƙura ko ganye sun toshe tiyon nan. Ƙaramin aiki ne makaniki ya buɗe shi. In an bar shi kuwa, ƙasan motar zai yi tsatsa, ruwa kuma ya kai ga wayoyin lantarki.