Laftof ta injiniyoyi: ƙarfinta yana jikin soket

Wanda yake son sanin irin laftof ɗin da ke gabansa ya fara duba cajarta. Ta laftof ɗin ofis ba ta cika wuce wat 45 ko 65 ba, a aljihu ma sai ta shiga. Amma akwai wani rukunin kwamfutocin da cajarsu kaɗai ta kusa kilo guda, a bayanta kuma an rubuta wat 230 ko 240. Su ne masu sana'a ke kira wokisteshan. Manyan sunaye uku ne suka mamaye kasuwarsu: Precision na kamfanin Dell, da ZBook da HP ya fito da shi a 2013, sai ThinkPad samfurin P da Lenovo ya ƙaddamar a 2015. A farkon 2025 Dell ya sanar da sauya sunayen kwamfutocinsa, amma a bakin masu sayarwa har yanzu Precision ɗin kake ji.

Ba don kallon fim ko rubuta wasiƙa aka ƙera su ba. An yi su ne don injiniyan da ke lissafin nauyin da gada za ta ɗauka, da mai zanen gine-gine da ke aiki da Revit ko AutoCAD, da mai ƙera sassan inji a SolidWorks, da safiyo mai haɗa taswira a ArcGIS, da mai tace fim ɗin da aka ɗauka a 4K. Waɗannan ayyuka suna iya riƙe na'ura sa'o'i tana aiki da iyakar ƙarfinta, kuma kuskure ɗaya yana iya ɓata aikin wuni guda.

Mutane da dama suna zaton tsadar wokisteshan kuɗin gudu ne. Ba haka abin yake ba. Laftof ɗin 'yan wasan gem, wadda ba ta kai ta kuɗi ba, sau da yawa tana kamo ta a gudu, wani lokaci ma ta wuce ta. Abin da ake biya a nan shi ne tabbas. Kamfanonin da ke rubuta manhajojin injiniya, irin su Autodesk da Dassault Systèmes da Siemens, suna gwada wasu samfura na musamman tare da katin sarrafa hotonsu, su ba da shaidar cewa manhajar za ta yi aiki a kansu ba tare da tangarɗa ba. Katin ma na daban ne. NVIDIA ya daɗe yana kiran nasa Quadro kafin ya jingine sunan a 2020 ya koma RTX. Wasu samfuran kuma suna karɓar RAM nau'in ECC, wanda ke gano ƙaramin kuskure a cikin bayanai ya gyara shi da kansa kafin ya shiga lissafi. Ga mai kallon YouTube wannan ba komai ba ne. Ga wanda ya bar na'ura tana lissafin tubalin bene tun magariba har asuba, shi ne dalilin sayenta.

To sai dai wannan ƙarfi da sharaɗinsa yake zuwa, kuma sharaɗin farko wuta ce. Dokokin sufurin jiragen sama sun iyakance batirin da fasinja zai shiga jirgi da shi ba tare da izini na musamman ba a wat-awa 100. Shi ya sa duk girman laftof, batirinta yakan tsaya a casa'in da wani abu. Lissafin ba shi da wuya: na'urar da ke zuƙar wat 150 za ta cinye wannan batir cikin kusan minti 40. Masu ƙerawa sun san haka, don haka da zarar an zare caja sai kwamfutar ta rage wa kanta ƙarfi. Mai tace fim da NEPA ta ɗauke masa wuta a tsakiyar aiki zai ga hoton ya fara tsalle-tsalle, alhali batir na nuna kashi tamanin. Ba lalacewa ta yi ba, tattali take yi. Haka ma idan aka jona mata ƙaramar caja ta USB-C: za ta iya kunnuwa, har ta nuna tana caji, amma ba za ta saki jiki ba.

Saboda haka a Kano ko Zariya ko Maraɗi, duk wanda zai sayi irin wannan na'ura ya sa kuɗin inbata ko sola a cikin lissafinsa tun farko. Aikin awa takwas a wat 200 yana cin yunit 1.6 na lantarki. A wajen mita wannan ba wani abin tayar da hankali ba ne, amma ga ƙaramin batirin sola da ke ɗauke da fanka da ƙwayayen wuta, kaya ne babba.

Sharaɗi na biyu shi ne iska, kuma a nan ne yanayinmu ke nuna hali. Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa. A cikin wokisteshan akwai bututun jan ƙarfe da ke kwasar zafin daga furosesa da katin hoto, su kai shi ga wasu siraran faranti da ke jere a bakin mafitar iska, fanka biyu kuma suna hura shi waje. Idan zafin furosesa ya doshi digiri 100, sai ta rage gudu don kada ta ƙone. Yawancin kamfanoni sun rubuta a takardunsu cewa a yi amfani da laftof a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Bazarar Sakkwato da Maiduguri kuwa takan haura 40 a watan Afrilu. Wato a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, kwamfutar ta fara aiki ne a wajen ƙa'idarta tun kafin a buɗe wata manhaja.

Hunturu kuma da nasa salon. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyara yana kwance bayan irin wannan laftof ya ga abin: tsakanin fanka da farantan nan akwai wata tabarma mai ruwan toka, ƙura da zaren tufafi sun dunƙule sun toshe hanya, har ana iya ɗago ta da hantsaki gaba ɗaya. Fanka tana ta ihu, iska ba ta fita. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da jan ƙarfen shi ma ya bushe ya tsattsage. Sharewa da sabon mai aiki ne na ƙasa da awa guda, amma sau da yawa shi ne bambancin na'urar da mai ita ke cewa ta tsufa da wadda ke aiki lafiya lau. Ɗora ta a kan katifa ko darduma kuwa toshe mata hanci ne, domin ta ƙasa take shaƙar iska.

A nan wokisteshan ta fi siraran laftof ɗin zamani kirki. Manyan samfuranta ana buɗe su da sukuddireba, wasu suna da gurbin RAM huɗu da za su ɗauki har gigabait 128, da gurbin ma'adana fiye da ɗaya, kuma kamfanonin suna wallafa littafin gyaransu a intanet. Wannan ne ya sa take tsufa da mutunci, kuma shi ya sa kasuwar ta-hannu ke cike da ita. Kamfanonin Turai da Amurka sukan sauya na'urorin ma'aikatansu bayan 'yan shekaru, tsofaffin su biyo jirgi su sauka a Computer Village da ke Ikeja, daga nan su bazu zuwa Arewa.

Mai sayen ta-hannu yana da abin dubawa da ya fi kyan jiki muhimmanci. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma idan furosesar Intel ce, Windows 11 a hukumance tana buƙatar zubi na 8 zuwa sama. ThinkPad P50 da ZBook 15 G3 da Precision 7510 duk zubi na 6 ne. Har yanzu da ƙarfinsu, kuma dillali zai rantse maka a kan haka ba tare da ya yi ƙarya ba, amma an rufe musu wannan ƙofar. P52 da ZBook 15 G5 da Precision 7530 su ne suka tsallake. Sai a tabbatar babu kalmar sirrin tsohon kamfani a BIOS, a kuma nace a kan cajar asali, domin wasu samfuran suna gane cajar da ba tasu ba su ƙi sakin ƙarfi. Kada a yarda da gwajin minti biyu a kan kanta. A ba ta aiki mai nauyi na rabin awa, a saurari fankar, a taɓa mafitar iska.

Wa ya kamata ya saya? A ganina, mutanen ba su da yawa. Ɗalibin da zai rubuta furojet, ko ɗan kasuwar da ke lissafi a Excel, idan ya sayi wannan ya sayi tirela ne don kai yara makaranta. Zai riƙa saɓa kilo uku da ɗoriya a kafaɗa kullum, batir na mutuwa kafin a tashi daga lacca. Ko mai zanen da ba ya barin ofis, kwamfutar tebur mai kuɗi ɗaya za ta fi ba shi ƙarfi da sanyi. Wanda ta dace da shi shi ne mai aiki mai nauyi a wuri fiye da ɗaya: safiyon da yau yake Dutse gobe yana Gusau, ko injiniyan da dole ya buɗe zanen gini a gaban 'yan kwangila a bakin aiki. Shi ma ɗin, kafin ya tashi daga gida, gara ya buga waya ya tambaya ko akwai janareta a inda za shi.