Motar lantarki: bazara na cin bateri ko da mota tana tsaye

A garin Cake, cikin gundumar Mayahi, har yanzu amalanke da babur ne ke da hanya. Amma tun shekarar 2023, lokacin da Najeriya ta janye tallafin mai, esansin ruwa-ruwa da ake saye a bakin hanya ya daina zama mai araha, ga kuma ƙarancin man da aka sha a watan Maris na 2025. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan ɗan kasuwar da ke kai da komo tsakanin Cake, Tasawa da Maraɗi, ko ma'aikacin da aka tura ƙauye aiki, ya soma tambayar labarin motar da ake jonawa da wuta kamar wayar hannu.

Wannan mota ba ta yi nisa ba. A 2021 hukumar kula da ƙera motoci ta Najeriya ta buɗe wurin cajin motoci da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Shugaban hukumar a lokacin, Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, shi ne ya zana siffar farko ta Chevrolet Volt a Amurka, motar da ke haɗa wuta da mai. Abin da ya kai Sakkwato kuwa, ba ya daɗewa bai kai Maraɗi ba.

To amma kafin mutum ya zuba dukiyarsa, akwai abin da ya kamata ya sani. A cikin wannan mota babu abin da ya kai bateri tsada, kuma babban abokin gabansa zafi ne. Baterin litiyom ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 zuwa 30, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin jahar Maraɗi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Baterin yana shimfiɗe ne a ƙarƙashin mota, kusa da rairayi ko kwalta da suka wuni suna shan rana. Zafi yana hanzarta lalacewar sinadaran da ke cikinsa, ko ana tafiya ko ana tsaye, kuma ƙarfin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

An riga an ga misali. A 2012 masu motar Nissan Leaf a jahar Arizona ta Amurka, ƙasa mai zafi irin ta Sahel, sun koka cewa baterinsu ya rage ƙarfi tun kafin shekara biyu. Baterin wannan mota ba shi da ruwan sanyaya. Daga baya kamfanin ya ƙara lamuni a kan ƙarfin baterin. Takardar lamuninsa kuma ta gargaɗi mai mota da kada ya bar ta cikin zafin da ya wuce digiri 49 fiye da awa 24, ko ya bar baterin babu wuta ko kaɗan fiye da kwana 14. Irin waɗannan tsofaffin motoci ne za su fi sauƙin kuɗi a kasuwar motocin hannu, don haka mai saye ya tambaya: da me ake sanyaya baterin, kuma ƙarfi nawa ya saura?

Babban kuskure shi ne a ɗauki al'adar tsohon bateri a ɗora wa sabo. Duk makaniken gareji ya san baterin darma, na tayar da mota ko na pano, yana son a aje shi cike. In an bar shi a wofi sai ya mutu. Na litiyom kuwa akasin haka ne. Cika shi maƙil sannan a bar shi cikin rana shi ne abin da ya fi saurin tsufar da shi. Wanda zai tafi aikin Hajji, ko fatauci, ko rangadi na makonni, ya bar cajin a wajen rabi, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. A kwanakin aiki kashi 80 ya isa, sai in doguwar tafiya ce, a cika dab da tashi. Akwai wani nau'in litiyom mai haɗin ƙarfe da kamfanoni ke cewa a riƙa cika shi lokaci-lokaci. Littafin motar ne zai raba gardama.

Na biyu, wurin ajiya. Gareji mai rufin kwano, rufe ruf babu taga, tanda ne da tsakar rana. Rumfar zana mai shan iska ta fi shi, haka ma inuwar dogon yaro, ko ta gawo wanda ke da ganye a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Idan an dawo daga tafiya, a bar motar ta huce, a yi caji da dare ko da asuba.

Na uku, zancen barin ta a jone. Wasu motoci suna sanyaya baterinsu da kansu idan suna jone, kuma hakan yana da amfani muddin an ƙayyade cajin a rabi. Sai dai wutar yankin Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana dogara ga layin da ke fitowa daga Katsina zuwa Gazawa, kuma ba a manta da yankewar da ta faru daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 ba. Inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, inuwa ta fi zama abin dogaro. A kuma bar wani amintacce ya riƙa duba allon motar kowane mako, ya ƙara caji in ya sauka ƙasa da kashi 20, domin ko a tsaye motar tana ɗan shan wuta. Kada a manta da ƙaramin baterin nan mai bolt 12: idan ya mutu, motar ba za ta tashi ba ko da babban yana da wuta.

Wannan darasi bai jira isowar mota ba. Wayar da ake bari a kan tebur cikin rana a wurin mai caji, da fitila mai pano, da baterin litiyom da wasu suka sa a shagunansu, duk ƙa'idarsu ɗaya ce. Kowane bateri da ya kumbura, ko ya soma wari, a nisanta shi daga ɗaki da rumbu, domin wutarsa tana da wuyar kashewa.

Mai doki a ƙasar Mayahi bai taɓa ɗaure dokinsa a rana ya tafi kasuwa ba. Wanda ya san haƙƙin doki, ba zai rasa sanin na wannan mota ba.