Ko Ka Sani? Akwai Motar da Sai An Sauke Injinta Kafin a Canza Mata Bel

Ko ka san akwai motar da canza mata kuloci ya fi canza mata bel sauƙi nesa ba kusa ba? Duk wanda ya saba zaman gareji zai ce an juya maganar ne. A motocin da muke hawa kullum, taimin bel aikin rabin yini ne: a kwance murfin gaban inji, a daidaita maki, a zare tsoho, a ɗaura sabo. Kuloci shi ne mai cin rai, domin a matse yake tsakanin inji da giyabos, ba a ganinsa sai an sauke giya. To a Ferrari F355 abin a juye yake. Kulocinta yana can ƙarshen mota, dab da bamban baya, inda hannu ke kaiwa ba tare da an taɓa inji ba. Bel kuwa, ɗan robar nan mai haƙora, a ƙa'ida ba a kai masa sai an raba motar gida biyu.

A Maranello ta ƙasar Italiya aka ƙera ta, daga 1994 zuwa 1999, guda dubu goma sha ɗaya da 'yan kai. Kujera biyu gare ta, injin yana bayan direba, silinda takwas, lita uku da rabi, ƙarfin doki 380, gudunta yana kai kilomita 295 a awa. Sabuwa a Amurka ana sayar da ita wajen dala 130,000. Wannan duk labarin da kowa ke bayarwa ne. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka jera kayan cikinta.

An kwantar da injin a tsaye ne, wato daga gaba zuwa baya, fuskarsa tana kallon bayan direba. A wannan fuskar bel biyu suke, kowanne yana juya kamshaf biyu. Gabansu kaɗan tankin mai ne, gaban tankin kuma bangon da ya raba inji da ɗakin zama. Babu inda bakanike zai zura hannu da sifana ya yi aiki yadda ya kamata. Saboda haka kamfanin ya ɗora inji da giya da ƙafafun baya duka a kan firam guda wanda ake kwancewa daga jikin mota.

Aikin abin kallo ne. A ɗora motar a kan lif, a tsiyaye ruwa da baƙin mai, a bi wayoyi da tiyo-tiyo ɗaya bayan ɗaya ana cirewa: na mai, na ruwa, na birki, na iyakwandishan, na totur. Mai hankali yakan liƙa wa kowanne 'yar takarda, don gobe ranar mayarwa ce. Sai a turo wani tebur na ƙarfe mai taya ƙarƙashin firam ɗin, a sauko da mota har nauyin ya zauna a kansa, a kwance notocin da suka riƙe shi. Daga nan ba injin ake ɗagawa ba, motar ake ɗagawa. Jan jikin nan ya yi sama a hankali, wani yana tsugune da tocila yana duba ko an manta wata waya, a bar inji da giya da ƙafafun baya a ƙasa, a tura su gefe. Motar tana rataye a sama, bayanta wayam. Sai yanzu ake ganin bel ɗin da aka zo dominsa, kuma canza shi a wannan lokaci bai fi na kowace mota wuya ba. Kamar a ce sai an yaye rufin ɗaki kafin a canza ƙwan fitila.

Kuma ba sau ɗaya ake yi a rayuwar mota ba. Ƙa'idar da masu ita ke bi ita ce duk shekara uku zuwa biyar, ko bayan kilomita kusan 50,000, duk wanda ya riga zuwa. Yawancin irin waɗannan motoci ba sa cin wannan tafiya a shekara biyar, a lulluɓe suke kwana suna tashi. Amma roba ba ta san ajiya ba, tana bushewa tana tsagewa ko ana hawa ko ba a hawa. Mutum zai iya biyan kuɗin sauke inji alhali bai tuƙa motar abin a zo a gani ba tun saukewar baya.

Me ya sa ba a yi ko oho a bar shi sai ya tsinke? Ga dalili. Kowace silinda a wannan inji bawul biyar gare ta, uku na shigar iska, biyu na fitar hayaƙi, jimla arba'in. Ƙarfinsa yana cika ne a juyi 8,250 cikin minti ɗaya, wato kiranshaf yana zagayawa sau 137 a daƙiƙa guda, kowane bawul yana buɗewa yana rufewa kusan sau 69 a cikin wannan daƙiƙar. Fistin da bawul wuri ɗaya suke ziyarta a saman silinda, lokaci kawai ya raba su, kuma bel ne ke riƙe da wannan lokaci. Ya tsinke, ko ya tsallake haƙori kaɗan, fistin zai tarar da bawul a buɗe ya doke shi. Abin da zai biyo baya ba canjin bel ba ne kuma, sabon gini ne.

Bel ɗin kansu ba su ne tsadar ba, kuɗinsu ɗan mitsitsi ne a cikin lissafin. Aikin hannu ne ke cinye kuɗi, kwanaki ana yi, kuma a Turai da Amurka da awa ake biyan bakanike. Sai kuma maganar da ke ƙara wa rasit tsawo: "tunda an riga an sauke". Tunda an riga an sauke, a canza biyarin ɗin da ke ɗame bel. Tunda an sauke, a duba famfon ruwa, a canza sil-sil na kamshaf da suka fara gumi, a canza gaskit, a canza tiyon da ya yi tauri. Bakaniken da ya faɗi haka gaskiya ya faɗa, domin wanda ya ƙi canza sil na 'yan kuɗi kaɗan yau, shi ne zai sake biyan kuɗin sauke inji baɗi. A Amurka ba abin mamaki ba ne wannan sabis ya tashi a dala dubu bakwai zuwa goma, ba tare da an buɗe cikin injin ba. Akwai masu yanke hanya, su sauke tankin mai su lallaɓa ta nan su canza bel da inji a jiki. Ana yi, amma masu sayen mota da yawa ba sa yarda da wannan a matsayin cikakken aiki, don ba a ga sauran abin da ya kamata a gani ba.

Yanzu ga kulocin, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Na taɓa tsayawa a wani gareji a Kaduna ina kallon ana canza wa tsohuwar Fijo kuloci. Yaron gida yana kwance a kan kwali ƙarƙashin mota, ya tallafo giyabos da ƙirji da gwiwa, maigidansa yana daga sama yana cewa "ɗan girgiza, ɗan juya", har sandar giya ta sami tsakiyar filet ta shige. Tsohon filet ɗin yana yashe a ƙasa, ya cinye har ƙusoshinsa sun fito suna ƙyalli, yana warin ƙuna. Wannan shi ne kuloci a saninmu: abu ne da ke ɓoye a tsakiya.

Injiniyoyin Ferrari sun fitar da shi daga tsakiyar. Giyabos ɗin F355 a gicciye yake bayan inji, dabarar da aka ɗauko daga motar tserensu 312T, wadda Mauro Forghieri ya tsara, wadda kuma Niki Lauda ya ci gasar duniya da ita a 1975. Manufar ita ce a tattaro nauyi zuwa tsakiyar mota don ta riƙa shan kwana da kyau. Motocinsu Mondial t da 348 su suka fara kawo wannan tsari kan titi a 1989, F355 ta gada. To da aka gicciya giya, sai aka kai kuloci da filawil can bayanta. Ƙarfin inji yakan bi wata doguwar sanda ya ratsa cikin giyabos ya fita ta baya, ya isa kuloci, sannan ya juyo ta wata sanda mai rami wadda ta farkon ke cikinta, ya koma cikin giya, daga nan ya tafi tayoyi. Sanda cikin sanda, ɗaya na kaiwa ɗaya na dawowa! Wanda ya duƙa a bayan motar zai hango wani kewayayyen murfi na alminiyom a ƙasan salansa, masu motar suna ce masa kabewa saboda siffarsa. A kawar da abin da ya tare shi, a kwance notoci, ga kuloci a hannu. Ba a sauke giya ba, ba a taɓa inji ba, babu wanda ya ɗora ƙarfe a ƙirji.

Sai dai sauƙin kaiwa bai sa ya zama mai arha ba. Filawil ɗinsa ɓari biyu ne da giris a tsakani don ya riƙa shanye girgizar inji. A kan sandar nan kuma akwai 'yan sil guda uku da ke tare man giya. In suka gaji, man ya silalo ya tsinka giris ɗin ya jiƙa filet, mota ta fara wuyar tashi in ta yi zafi, kuloci ya fara santsi. Wanda ya canza filet kawai ya bar sil ɗin, zai dawo. A 1997 kuma aka fito da samfurin F1, wanda babu fedar kuloci a cikinsa, direba yana canza giya da 'yan yatsu ta bayan sitiyari, kwamfuta da famfon mai ne ke taka masa kuloci. Ita ce motar titi ta farko da Ferrari ta sa wa wannan. A buɗaɗɗiyar hanya daɗi gare shi, amma cunkoso da yin baya a kan tudu suna cinye filet da wuri.

Sauke inji a kan kansa ba abin tsoro ba ne. Tsofaffin bakanikenmu da suka yi zamanin Volkswagen Beetle sun san noti huɗu ne suka haɗa injinta da giya, a sa jak a ƙasa a janyo shi. Porsche 911 ta da, mai sanyaya inji da iska, ita ma sai an sauke inji ake canza mata kuloci, kuma ba a ɗaukarsa wani babban abu. Har ma akwai bajintar da wasu sojojin ruwan Ingila su biyar suka yi a 1985, inda suka cire injin Ford Escort suka mayar da wani cikin daƙiƙa 42. Bambancin F355 shi ne yawan abin da ke manne da injin, da tsadar duk abin da hannu ya taɓa.

In aka kai ga buɗe cikinsa, nan ne lissafi ke sauya kama. Motocin shekarun farko an san su da wata cuta: hannun rigar da bawul ke kai-komo a ciki na tagulla ne, yana cinyewa da wuri. Da ya yi faɗi, bawul ya riƙa lilo, bai zauna daidai ba, baƙin mai ya gangara silinda, mota ta fara shuɗin hayaƙi. Daga baya kamfanin ya koma yin su da ƙarfe. Gyaran yana nufin a cire kan silinda biyu, a fitar da bawul arba'in, a buge tsofaffin hannayen riga, a dasa sabbi, a sake wasa mazaunin kowane bawul. Cuta ta biyu bututun hayaƙin da ke fitowa daga jikin inji ne, sirara ne, zafi yana fasa su. In aka ci gaba da hawa a haka, zafin yana iya ƙona bawul har ya taɓa bangon silinda. Shi ya sa mai saye na gari ba ya tsayawa ga jin ƙarar inji. Yakan sa a cire fulogi, a hura iska cikin kowace silinda, a auna nawa ke zurarewa, a kasa kunne: in ta salansa take fita bawul ne, in ta wajen zuba baƙin mai ne to ringi ne. Cikakken gini, da fistin da ringi da metal da aikin kan silinda, yakan haura dala 20,000 cikin sauƙi. Sandunan da ke haɗa fistin da kiranshaf ma na titaniyom ne, ba abin da za a je kasuwar kayan gyara a tsinto ba.

Tarkon da ya kama mutane da yawa shi ne wannan: akwai shekarun da farashin tsohuwar F355 ya faɗo ƙasa da rabin kuɗinta na sabuwa, har mai matsakaicin hali a can ya ga zai iya. Motar ta yi arha, kayanta da aikinta ba su yi ba. Wasu suka saya suka kasa sabis, suka jinkirta, suka sayar wa na gaba da tsohon bel. Don haka a kasuwar waɗannan motoci fayil ɗin rasit yana da daraja kusan kamar fenti. Tambayar farko ba kilomita nawa ta ci ba ce, yaushe aka sauke inji, wa ya sauke, me da me ya canza.

A ganina ba sakaci ne ya sa aka yi ta haka ba. An zaɓi gudu da daidaiton nauyi da ƙarar nan da ake yabonta da ita, aka bar wa mai mota da bakanike su biya. Amma kamfanin da kansa ya ga biyan ya yi yawa. A 360 Modena da ta gaje ta a 1999, an buɗe wata 'yar ƙofa a bangon bayan kujeru, ana canza bel ta cikin mota inji yana zaune. F430 da ta zo a 2004 kuwa babu bel ɗin gaba ɗaya, sarƙar ƙarfe aka sa mata. Duk da haka F355 mai giyar hannu ita ce yau masu tara motoci ke rububi, farashinta ya sake hawa, kuma har gobe duk wanda ya mallake ta sai ya sauke mata inji duk bayan 'yan shekaru.