Murhu Mai Rage Hayaƙi a Ƙauyukan Kano

A ƙauyukan Dambatta da Bichi, inda gona ke manne da gona, itace ya yi tsada. Mata na girki da karan dawa da busasshen kashin shanu a murhun duwatsu uku, hayaƙi ya turnuƙe madafa har idanu su yi ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan hayaƙi na kashe mutum kimanin miliyan 3 duk shekara.

Murhun Save80, wanda ƙungiyar atmosfair ta Jamus ke ƙerawa a Kano, yana tattara zafi a gindin tukunya, 'yan ƙirare kaɗan sun ishe shi.

Mai saye ya duba ko iska na shiga ta ƙasa, ko murhun na cin kara, kuma ko tukunyar tuwo za ta zauna daram lokacin tuƙi.