Gwajin bambancin tasirin magani tsakanin marasa lafiya

Gwajin bambancin tasirin magani tsari ne na binciken likitanci da ake amfani da shi don gano ko magani ɗaya yana yi wa wasu mutane aiki fiye da wasu. Samun sauƙi bayan shan magani ba ya tabbatar da cewa maganin ne ya yi aiki, domin ciwo kan lafa da kansa, awon ma kan sauya daga rana zuwa rana.

Gwajin rukuni biyu

A wannan tsari ana raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kowane rukuni ya sha nasa maganin. Misalinsa shi ne gwajin SPRING da aka yi a Kano da Kaduna, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kan yara 220 masu sikila da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. An ba rukuni ɗaya hydroxyurea miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin jiki, ɗayan kuma miligiram 20. Sakamakon da aka wallafa a 2022 bai nuna bambanci ba wajen yawan shanyewar jiki. Irin wannan gwaji yana nuna matsakaicin amfanin magani ga rukuni, amma ba ya nuna abin da zai faru da yaro guda da an ba shi ɗayan adadin, tunda adadi ɗaya kawai ya sha.

Gwajin musanya

A nan kowane mutum yana shan magungunan biyu, ɗaya bayan ɗaya, da hutu a tsakani don na farko ya fita daga jiki. Kafin a ce wani magani ya fi dacewa da wani mutum, sai an maimaita musanyar, a ga ko bambancin zai sake bayyana. A Uppsala ta ƙasar Suwidin an yi haka da masu hawan jini 280 da magunguna huɗu. Rahoton 2023 ya nuna cewa zaɓa wa kowa maganin da ya fi masa na iya ƙara rage hawan jinin da kimanin maki 4.4.

Gwajin mutum ɗaya

Gordon Guyatt da abokan aikinsa na Jami'ar McMaster a Kanada sun bayyana wannan hanya a 1986. Mara lafiya ɗaya ne ke shan magani na gaske da ƙwayar da babu magani a cikinta bi da bi, ba tare da shi ko likitansa sun san wanne yake sha ba, yana rubuta yadda yake ji. Daga ƙarshe a buɗe jerin a kwatanta.

Inda tsarin ba ya aiki

Musanya ta dace ne da cututtuka masu daɗewa kamar hawan jini, asma da ciwon gaɓoɓi. Ba ta dace da cutar da magani ke warkarwa gaba ɗaya ba. A yankin noman rani na Kura da Bunkure, inda magudanan ruwa daga madatsar Tiga ke ratsa gonaki, ana fama da tsargiya, wadda ake magancewa da praziquantel. Idan maganin ya kashe tsutsotsin, babu sauran ciwon da za a gwada magani na biyu a kansa. Idan kuma aka sake ganin ƙwai a fitsarin yaro bayan watanni, mai yiwuwa sabon kamu ne daga shiga ruwa, ba gazawar magani ba. Saboda haka a irin wannan cuta ana amfani da gwajin rukuni, tare da tsara tun farko yadda za a kwatanta sakamako bisa shekaru, nauyin jiki da yawan mu'amala da ruwa.