Harhaɗa Ƙaramin Abin Kiɗa na Lantarki

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda mai koyo zai harhaɗa ɗan abin kiɗa na lantarki da hannunsa, ya kuma fahimci dalilin da ya sa yake yin amo.

Da farko, kowane amo girgiza ce. In girgizar ta yi sauri, sauti ya hau sama. In ta yi nawa, ya sauko ƙasa. Haka makaɗin kalangu yake yi: in ya matse tsarkiya, fata ta ɗaure, sai murya ta tashi. Abin da ake nema a lantarki shi ne hanyar sa lasifika ta girgiza da saurin da aka ga dama.

Zuciyar aikin wani ɗan ƙwaya ne mai ƙafa 8 da ake kira 555, wanda Hans Camenzind ya tsara wa kamfanin Signetics na Amurka a 1971. Sauran kayan su ne batir mai bolt 9, da ƙaramar lasifika, da rizista biyu, da kafasita biyu. Kafasita kamar randa take, tana tara wuta. Rizista kuwa kamar bututu ce mai ƙayyade gudun wutar. Idan randar ta cika zuwa kashi biyu bisa uku, sai ƙwayan ya zubar har ta koma kashi ɗaya bisa uku, sannan ta sake cika. Kowane cika da zubarwa girgiza ɗaya ke nan.

Ga yadda ake haɗawa. Ƙafa ta 1 ta tafi ƙasan batir, ta 4 da ta 8 su tafi kansa. A sa rizista mai om 1,000 tsakanin kan batir da ƙafa ta 7, wata mai om 16,000 tsakanin ta 7 da ta 6. A haɗe ta 6 da ta 2, daga nan kafasita mai maikrofarad 0.1 ta tafi ƙasan batir. Lasifika kuma a haɗa ta tsakanin ƙafa ta 3 da ƙasan batir, ta cikin kafasita mai maikrofarad 10. Wannan zai ba da girgiza kusan 436 a daƙiƙa, wato dab da 440 da makaɗan Turai ke daidaita kayansu da ita.

In aka jera rizistoci masu girma dabam-dabam a gurbin ta biyun, kowacce da maɓallinta, an sami abin kiɗa mai muryoyi da yawa. Babbar rizista tana jinkirta cikar randa, saboda haka muryarta kauri ce.

Daga ƙarshe, wajibi ne a kiyaye abu biyu: kada a juya kan batir, don ƙwayan zai ƙone, kuma kada a kusanci wutar gida. Batir kaɗai ya wadatar.